Ram Biyu Marasa Riga

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo shagona, waya a hannu, ya ce in ba shi ram ɗin da ya fi kowanne gudu, yana so ya ƙure kwamfutarsa. Na tambaye shi wace irin madabod ce a ciki, ya ce baƙa ce. Na ce to furosesan fa? Ya ce babba ne. Na dube shi, na dubi wayar, na ce ya ja benci ya zauna. Shi da ire-irensa nake yi wa wannan bayani, ku da kuka kalli wani Bature a waya ya danna nan ya danna can, kuka ɗauka aikin ke nan. Baturen nan a ɗaki mai sanyi yake zaune, wutarsa ba ta ƙiftawa, kayansa kuma daga kwali ya ciro su sababbi. Ku kuwa a Bagudo kuke.

Bari in faɗa a sauƙaƙe saboda wanda bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba. Madabod shi ne faffaɗan allon da ake dasa komai a kansa. Furosesa shi ke yin lissafin duk wani aiki da ka ba inji. Ram kuwa 'yan siraran sanduna ne, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba, ana soka su a gefen furosesa, su ke riƙe masa abin da yake aiki a kai, yana ɗauka yana mayarwa. Kamfani kan yanka wa furosesa gudun da zai yi, ya bar masa 'yar rara don kada ya wahala. Mu kuma sai mu shiga saitin ciki mu ci wannan rarar. Abin da kuke kira obakulok ke nan. A irin tsofaffin injinan da suka fi yawa a wajenmu, da ka ɗaga gudun furosesa to ka ja ram ma tare da shi, ko yana so ko ba ya so. In ram ɗin ba zai iya ba, nan rigima take farawa, kuma ba lallai ta fara a gabanka ba.

Rediyo ce abu na farko da aka yarda na buɗe, wata tsohuwa ta wani mahauci, a rumfar Malam Garba mai gyaran rediyo da ke bakin kasuwa. Kafin ranar na daɗe ba ni da aiki sai shara da hura gawayin da ake ɗora ƙarfen narka dalma. Malam Garba ba mai yawan bayani ba ne. In ya kunna abu sai ya kama hannuna ya riƙa ɗora bayan yatsana a kan kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Wane na ka zahi?” In na nuna, sai ya ce, “To shi ka wahala. Nemo min mai ba shi wahala.” Sau tari wanda ya yi zafin ba shi ne mai laifi ba, maƙwabcinsa ne ya sakar masa aiki. Har yau da bayan yatsa nake fara gaisawa da inji kafin in ɗauko mita.

Da rediyo ta fara ja da baya na koma gyaran bidiyo, daga nan na tafi Birnin Kebbi wurin wani Bayarabe mai haɗa kwamfuta, wanda kowa ke kira Oga. Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Ba ka isa ka taɓa ram a shagonsa ba sai ka fara dafa ƙofar ƙarfe, don 'yar wutar da ke jikin mutum ta sauka, in ka manta kuwa unguwa duka sai ta ji. A wurinsa na koyi cewa takardar da aka manna a jikin ram ba ita ake karantawa ba. Baƙaƙen 'yan ƙwayoyin da ke jere a kan sandar, waɗanda muke kira ayisi, su ne ram ɗin, kuma kowanne da ɗan rubutunsa mai kama da sawun tururuwa. Kayan aikina tun daga lokacin ba su canza sosai ba: sukundireba, mita, buluwar hure ƙura, robar goge fensir da nake goge haƙoran ram da ita, filash mai ɗauke da manhajar gwaji, sai gilashin ƙara girman rubutu, wanda da ina aro ne, yanzu kuwa ido ya tilasta mini mallakar nawa.

Kwalin farko da na saya a hannun masu sauke kayan Kwatano shi ya nuna mini halin kasuwarmu. Kayan gwanjo ne, an ciro su daga injinan ofisoshin Turai, a tara su a kwali, su bi mota har su tsallako iyaka. Wasu ram ɗin suna zuwa da rigar ƙarfe mai launi, ja ko shuɗiya ko ruwan zinariya, wai don ta riƙa kwashe zafi. Wasu kuma tsirara suke zuwa, kore fatau. To mutanenmu ba sa son tsirara. Mutum zai shigo ya ce a ba shi ram huɗu, amma su zama kala ɗaya, kamar dai wanda zai yi wa ƙawayen amarya anko. Da masu sayarwa suka gane haka, sai suka fara ɓare riga daga jikin matattun ram suna sanya wa masu rai, su haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi, su ɗaure da roba. Ban ce duk mugunta ce ba. Na taɓa yi wa ɗayansu magana, ya ce da ni, “Malam Bawa, in na aje su tsirara, shekara sukai ba mai tayawa. Ni mi za ni yi?” Gaskiya ya faɗa, don nawa koren ma haka suke kwana a gwangwani.

A gudun da kamfani ya yanka, irin wannan haɗin gambiza yakan zauna lafiya, don inji yana rage tafiya ya jira mafi rauni a cikinsu. Amma da ka matsa, sai kowa ya nuna asalinsa. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa shanun huɗa karkiya ya san ba kalar fata ake dubawa ba, tafiya ake dubawa, don in ɗaya ya fi ɗaya sauri kunyar gona ba za ta miƙe ba. Shi ya sa nake da ƙa'ida a shagon nan. Ba na gwada inji da sanyin safiya in ce ya yi. Sai rana ta take, kwanon rufi ya fara ƙara, daga azahar zuwa la'asar, lokacin nake sakar masa aiki mai nauyi. Injin da ya wuce wannan ya wuce komai. Masu gaggawa suna jin haushina a kan haka, wasu har sun ɗauke kayansu sun kai wani wuri, wasunsu kuma sun dawo.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Kayan Kwatano suka tsaya cak. Kamar hakan bai isa ba, aka hana kai mai gidajen man da ke kusa da iyaka, ga shi wutar gwamnati a wajenmu sai an yi sa'a. Janareta ya koma abin da ake kunnawa da lissafi. Masu gidan kallon ƙwallo suka rage zuwa, masu buga takardu suka koma rubutun hannu, ni kuma na zauna ina kallon titi. Don kada zama ya kashe ni, duk ranar da aka kawo wuta sai in juye gwangwanin ram ɗina a kan tebur in riƙa gwada su bibbiyu, ina matsa musu in ga inda kowanne zai ce ya gaji. A nan na gano wasu kore guda biyu, marasa riga, da lambar gudun da ke jikin takardarsu ba abin a zo a gani ba ce. Daga inji ɗaya aka ciro su, ayisinsu iri ɗaya, lambobin jikinsu ma a jere suke kamar tagwaye. Wuta kaɗan suke ci, ba sa zafi, kuma duk yadda na ja su sama da abin da aka rubuta musu ba su yi mini gardama ba. Na naɗe su a takarda na ajiye gefe, don na san ba mai saya.

Da bazarar shekarar, gab da azumi, lokacin da kowa ke rige-rigen ɗaura aure, Sama'ila mai bidiyo ya tsaya a ƙofar shagona da hantsi, kwamfutarsa ɗaure a bayan babur da tsohon zane. Sama'ila ba baƙona ba ne. Shi ke ɗaukar yawancin bukukuwa daga nan har Matsinkai da Kurgu, kuma a riƙon kyamara ban san wanda ya fi shi ba. A bayansa wani dattijo ya sauko, dogo, kafaɗunsa irin na masu tuƙa jirgin ruwa, riƙe da 'yar jaka.

“Malam Bawa, ka taimake ni, injin ga ya gama da ni,” in ji Sama'ila, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

Na ce, “Mi yaf faru?”

“Tun shekaranjiya nika hwama. In na sa shi aiki sai shi yi ta tahiya lahiya lau, da ya kai kusa ga ƙarshe sai huska ta yi shuɗi, shi mutu. Na ƙone mai har na gaji.”

Dattijon sunansa Baba Arzika, masunci ne. Shi ya zauna ya warware mini zancen. 'Yar yayarsa ce aka yi wa aure a Bahindi, sunanta Balkisu, ma'aikaciyar asibiti, ta auri wani malamin makaranta da suka daɗe suna son juna, har an kai ta Birnin Kebbi. Uwarta, Inna Tumba, tun bayan rasuwar mijinta ta koma cikin danginta a tsallake, ƙasar Benin, yarinyar kuma ta zauna wurin gwaggonta Kulu saboda makaranta. Ana shirin biki ciwo ya kwantar da Inna Tumba. Ta ce kada a ɗaga aure, kada kuma a gaya wa yarinya yadda jikin yake, a dai ɗauko mata bikin a kawo mata ta gani. Yanzu saƙo ya iso cewa jiki ya yi nauyi, ta daina cin abinci. Ƙauyen ba sabis ɗin waya balle a tura, amma wani maƙwabcinta yana da talabijin mai aiki da sola, mai karɓar filash. Baba Arzika zai bi jirgin abokan sana'arsa da za su haura ruwa bayan la'asar a ranar, don masunta in ba kaya suka ɗauko ba ba a cika tsare su ba. In jirgin nan ya tafi, ba wani sai bayan ƙaramar salla.

Abin da Sama'ila ya ɗauko da kyamarori biyu ne, guntu-guntu, talabijin ba za ta iya karanta shi haka ba. Ya riga ya yanka ya jera, saura inji ya haɗe shi ya fito fim guda, abin da suke kira renda. Aiki ne da ke sa furosesa gumi tun daga farko har ƙarshe, kuma in ya katse a hanya sai dai a koma farko. Don ya rage cin mai ne Sama'ila ya ɗaga gudun injin da kansa, ya kuma sayo ram huɗu jajaye ya cika gurabe duka.

Ya ce, “Ko dai in yanke ƙarshen mu ba shi abin da ya samu? Sauran duk yana hita.”

Baba Arzika ya ɗago kai. “Wane wuri na kaka son yankewa?”

“Inda anka hito da amarya za a sa ta mota, Baba. Ba shi da yawa.”

“To in ka yanke wurin nan, mi za ni kai mata? Kiɗi? Ta san kiɗi. Shinkahwa? Ta ci shinkahwar biki ta hi a ƙirga. Ɗiyatta taka son gani sa'ad da anka hidda ta gida, ta ji wa yay yi mata hwaɗa a madadinta.”

Ba wanda ya sake tayar da zancen yankewa. Muka haɗa man da ke janaretana da wanda Sama'ila ya zuƙo daga tankin babur ɗinsa, ya bar ɗan abin da zai kai su bakin ruwa. Na girgiza tanki na saurara. Da a ce zan mayar da injin gudunsa na kamfani in huta, da man ya ƙare kafin a kai ƙarshe, jirgi ma ya tashi. Dole a ɗaga gudu, dole kuma injin ya jure, ga shi aikin zai faɗo daidai tsakiyar rana. Na san ba ni da damar yi sau biyu.

Na buɗe injin ban kunna komai ba tukuna, don duk abin da za a iya yi ba da wuta ba a gama shi ba da wuta ba. Na hure ƙura, na cire ƙarfen da ke kan furosesa, na tarar farin man da ke tsakaninsu ya bushe ya zama kamar alli, na goge na shafa sabo. Sannan na zare jajayen nan huɗu na ajiye a rana kaɗan don gam ɗin rigarsu ya yi laushi, na ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Biyu 'yan gida ɗaya ne, ba laifi, sai dai masu son wuta da yawa ne. Na uku ayisinsa a gefe ɗaya kawai suke, na wani kamfani daban. Na huɗu kuwa tsoho ne tukuf, irin na injin buga takardu, an dai sa masa jar riga ya shiga sahu. Sama'ila ya ɗauki gilashina ya duba da kansa, ya yi salati, ya ce da robarsu ɗaya aka ba shi su.

Na ɗauko koren nan biyu daga takarda. Yana ganinsu ya ɓata fuska.

“Malam Bawa, waɗanga? Ko riga ba su da. Kuma huɗu nic cire, kai biyu za ka sa? Ai rabi ke nan.”

Na ce masa rabin ya ishi aikin da ke gabanmu in dai ba a buɗe komai ba sai manhajar fim. Renda ƙarfin furosesa take ci, abin da take nema wurin ram shi ne ya amsa daidai duk lokacin da aka kira shi, kada ya yi kuskure ko sau ɗaya. Sanduna huɗu kuwa, ko da 'yan gida ɗaya ne, nauyi ne a kan injin da ake son ya yi gudu, don kowanne sai an bi ta kansa. Ya ce to biyun nan jajaye masu kyau fa? Na ce su sai an ƙara musu wuta suke tafiya, wuta kuma zafi ce, zafi kuwa yau muna da shi har na kyauta. Ban kuma taɓa gwada su ba. Waɗannan na san halinsu. Na ga bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma ban taɓa sa su a irin madabod ɗinsa ba.

Na goge haƙoransu da roba, na dafa ƙofa, na soka su a gurabe masu launi ɗaya, ana tsallake ɗaya a tsakani, don inji ya riƙa ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Aka tayar da janareta. Na shiga saiti, kafin in taɓa furosesa na fara sauke ram mataki ɗaya ƙasa, yadda in furosesa ya ja shi sama zai tsaya daidai inda na san yana ɗauka. Akwai wasu lambobi na ɗan jiran da ram ke yi kafin ya amsa kira, na sassauta su kaɗan. Ban ƙara masa wuta ba, furosesa kawai na ɗan ƙara wa. Sannan na ɗaga gudu zuwa inda Sama'ila ya kai shi da. Na kunna. Fanka ta juya, fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, ba ko ƙyas.

Sama'ila ya dafe kai. Baba Arzika bai san me ake ciki ba, amma ya karanta a fuskokinmu, ya fara jan carbi. Janareta kuwa yana can waje yana shan mai. Na kashe, na zare ɗan batirin madabod don ya manta abin da na gaya masa, na mayar, na sake shiga na jera komai daga farko, wannan karon na sauko da gudun ƙasa kaɗan. Ya tashi. Na sa filash ɗin gwaji. A ƙa'idata da sai ya wuni yana zagayawa, amma ranar zagaye ɗaya na ba shi, ina kallon allo ina jin kowane ɗigon mai a jikina. Bai nuna jan layi ba. Na ce da Sama'ila ya yi bisimilla ya danna.

Daga nan sai jira. Rana ta take, kwano ya fara ƙara. Na bar gefen injin a buɗe, na jiƙa buhu na rataya a taga. Ban kunna fankar tebur ba don kada in ƙara wa janareta kaya, sai kawai na ga Baba Arzika ya ɗauki maficin da nake korar ƙuda da shi, ya ja kujera gaban inji, ya shiga yi masa fifita kamar mai jinyar jariri. Na buɗe baki zan ce ba sai ya wahala ba, sai na fasa, don iskar tana shiga inda ake so. Da aka kira azahar muka yi salla bi da bi, wanda ya idar ya karɓi mafici. Lokaci zuwa lokaci nakan dafa ƙofa in sa bayan yatsa kusa da koren nan. Ɗumi ne kawai, irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Ɗan layin da ke nuna ci gaban aiki yana ta rarrafe. Da ya doshi wurin da ya saba mutuwa, Sama'ila ya miƙe ya fita waje, ya ce shi ba zai iya kallo ba. Baba Arzika ya tambaye ni, “Nan na?” Na ce nan ne. Ya ƙara wa mafici sauri. Ni kuma na kasa kunne wajen janareta, don muryarsa ta fara canzawa irin ta tankin da ya kusa ganin ƙasa. Layin ya tsaya a wuri ɗaya har na ce shi ke nan, sai ya motsa, ya sake motsawa, ya wuce. Can sai injin ya yi 'yar ƙarar da yake yi in ya gama. Na zauna a kan benci. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokaci ba.

Na ƙwala wa Sama'ila kira. Muka juye a filash, na zare na soka a tsohuwar talabijin ɗin shago, don ram mai kuskure yakan gama aiki ya ba ka fim mai tsalle ko muryar da ta rabu da baki, kai kana murna. Na tura kai tsaye zuwa ƙarshe. Ga mata sun fito da amarya lulluɓe, ga Gwaggo Kulu ta riƙe mata hannu a bakin zaure tana yi mata faɗa, murya tar, hoto tar, har aka rufe ƙofar mota. Mu uku muka tsaya muna kallo, Baba Arzika har lokacin yana kaɗa mafici a gaban injin da ya riga ya gama aikinsa. Ya naɗe filash a leda, ya sake naɗewa a wata, ya cusa a aljihun ciki, suka hau babur ana kiran la'asar.

Sama'ila ya dawo washegari ɗaukar injinsa, ya ce sun tarar ana kwance igiyar jirgi. Na ce ya bar mini shi kwana biyu in yi masa gwajin da ya kamata, in an kawo wuta. Koren nan biyu suna cikinsa har ya sayar da shi, jajayen riguna kuma ya ce in riƙe, na ce ba na so.

Ba mu ji komai daga tsallake ba har azumi ya wuce. Bayan salla da 'yan kwanaki ina zaune sai ga Baba Arzika da ƙunshin busasshen kifi, ya ajiye mini a kan tebur. Na kasa tambaya, don ban san wace amsa zan ji ba. Shi ya fara.

“Ta gani, Malam Bawa.”

Ya ce an ɗauko talabijin har ɗakinta, aka jingina ta da matashi, mata suka cika ɗaki. Duk kiɗa da rawa da rabon abinci ba ta ce uffan ba, har ya ɗauka barci ya ɗauke ta. Da aka zo wurin fitar da amarya sai ta ce a ƙara murya, kowa ya yi shiru. Ta saurari faɗan Gwaggo Kulu tun daga farko har ƙarshe, ta ce a mayar, ta sake saurara. Da aka gama ta nemi a dama mata kunu. Ban ce fim ne ya tashe ta ba, Allah ke warkarwa, kuma Baba Arzika ya ce an samo mata magani a wajen. Amma ya baro ta tana fita tsakar gida da sanda.

Na ce alhamdu lillahi, ya zauna a kawo ruwa. Ya ce a'a, mota zai bi zuwa Birnin Kebbi, Inna Tumba ta ba shi saƙo wurin Balkisu.

Na ce, “Lahiya dai?”

“Lahiya lau. Cewa ta yi Kulu ta yi ƙoƙari, duk abin da za ta gaya ma yarinya ta hwaɗi, abu guda ɗai ta manta.”

“Mi ke nan?”

Ya gyara zaman jakarsa a kafaɗa.

“Ta ce a gaya ma Balki ta riƙa ɗanɗana miya kahin ta ƙara gishiri. Wai hannunta na da nauyi, irin na uwatta tad ɗauko.”